Aika faks ta imel: yadda ake yi, da wuraren da takarda ke lalacewa a hanya

Har gobe akwai ofisoshin da in ka ce za ka turo musu takarda ta imel sai su ce a'a, faks suke karɓa. Asibitoci da kantunan magani da kamfanonin inshora a Amurka suna cikinsu, haka hukumar harajin ƙasar, IRS, da ofisoshin likitoci a Jamus, da ƙananan kamfanoni masu yawa a Japan. Kuma ba don ba a yi yunƙurin kawar da shi ba. A Disamba 2018 sakataren lafiya na Birtaniya, Matt Hancock, ya hana hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, NHS, sayen sababbin injinan faks, ya ce a daina amfani da su zuwa ƙarshen Maris 2020, amma wa'adin ya cika da sauransu suna aiki. A 2021 minista Taro Kono ya so raba ma'aikatun gwamnatin Japan da faks, ƙorafi ya yi ta kwararowa daga ma'aikatun har aka sassauta.

A wajenmu kuwa layin da faks ke hawa ne ya mutu. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, layukan girke na NITEL suka yi ta raguwa har kamfanin kansa ya durƙushe. Saboda haka wanda ke Kano ko Kaduna, aka ce ya tura fom ko rahoton likita ta faks zuwa Amurka, ba shi da inji, ba shi da layi, kuma da wuya ya samu bizines senta mai yi. Sayen inji ɓarnar kuɗi ce, don injin faks ba layin girke kamar bokiti ne ba rijiya. Wasu kan jona shi da irin wayar tebur mai cin layin SIM, sai abin ya ƙi, domin hanyar murya ta salula tana matse sauti yadda ya dace da maganar mutum, kuma matsewar tana murƙushe sautin da injinan faks ke magana da shi.

Mafita ita ce kamfanonin faks na intanet, irin su eFax, MyFax, Fax.Plus, RingCentral da Dropbox Fax wanda a da ake kira HelloFax. Su ke riƙe da layukan waya a madadinka. Kai imel kawai kake turawa, imel kuma kake karɓa. Sai dai ka riƙe abu ɗaya: rabin hanyar da ke gefenka ne kawai ya koma intanet. Ɗaya rabin yana nan yadda yake tun 1980, kiran waya ne mai ɗauke da hoto baƙi da fari. Kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga wannan rabin take fitowa.

Abin da ke faruwa bayan ka danna tura

Saƙonka ya isa kwamfutar kamfanin, ta duba ko adireshin da ya turo yana cikin waɗanda aka yi wa rajista, ta ciro fayil ɗin da ka maƙala, ta mayar da kowane shafi hoto baƙi da fari, irin fayil ɗin da ake kira TIFF, sannan ta buga lambar. Tana bugawa tana fitar da wani sauti a kan 1,100 Hz (ma'aunin kaifin sauti) na rabin daƙiƙa, ta yi shiru na daƙiƙa 3, ta sake, wato tana sanar da cewa faks ne ke kira. Injin da ke can ya amsa da nasa sautin a kan 2,100 Hz. Daga nan sai su yi ciniki: mai karɓa ya faɗi saurin da yake iyawa da girman takardarsa, mai aikawa ya zaɓa, ya tura gwaji na daƙiƙa ɗaya da rabi. In gwajin ya iso lafiya a ci gaba. In bai iso ba a sauka mataki, daga saurin 14,400 bit (ƙwayar bayani) a daƙiƙa zuwa 12,000, zuwa 9,600, har ƙasa 2,400. Sababbin injina kan kai 33,600 in layin yana da kyau. Bayan kowane shafi mai karɓa sai ya tabbatar ya samu kafin a tura na gaba. Ƙa'idar wannan gaisuwa ita ake kira T.30, ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU. Rahoton da za ka samu a imel daga baya, daga wannan tabbatarwar ta shafi-shafi ake haɗa shi.

Rubuta adireshi

Bayan ka buɗe asusu, aikawa bai wuce rubuta imel ba. A gurbin adireshin wanda za a tura wa sai ka sa lambar faks ɗin, ka bi ta da alamar @ da sunan da kamfaninka ya bayar. Na eFax shi ne efaxsend.com, na RingCentral rcfax.com, na Fax.Plus kuma fax.plus. Abin da ka rubuta a kan saƙon da cikinsa yawanci shi ke zama shafin gaba, takardar da ka maƙala ta biyo baya. In ka maƙala fayil biyu ko uku, a jere za su tafi cikin kira ɗaya, amma ya fi aminci ka haɗe su fayil ɗaya da kanka, ka san jerin shafukan da hannunka.

Lambar ita ce wurin tuntuɓe na farko. Ana farawa da lambar ƙasa: 1 ga Amurka da Kanada, 44 Birtaniya, 49 Jamus, 81 Japan, 966 Saudiyya. Sifilin da ke gaban lambar gari ana jefar da shi. Lambar Landan da aka rubuta da 020 za ta koma 4420, ta Berlin mai 030 ta koma 4930. Italiya ce ta fita daban, ita ana barin sifilinta, lambar Rum ta zama 3906. Kada a bar sarari ko ɗan layi a tsakanin lambobin. Game da alamar + ko 011 (lambar kiran ƙasar waje daga Amurka) a farko, kowane kamfani da tsarinsa, sai ka duba misalin da suka bayar ka kwaikwaya daidai. Kuma ka tabbata lambar faks ce ka ɗauka daga kan takardar ofishin, domin sau da yawa tana ƙarƙashin lambar tarho, bambancinsu lamba ɗaya ko biyu a ƙarshe.

Wani alheri da ba a cika lura da shi ba: lambobin Amurka na kira kyauta, masu farawa da 800, 888, 877, 866, 855, 844 ko 833, galibi ba sa shiga daga ƙasar waje. Kamfanin faks da layukansa ke cikin Amurka yana samunsu kamar kowane kira na cikin gida.

Sai ka tura daga adireshin da ka yi rajista da shi. In kana da Gmail biyu a waya, ka yi kuskure ka tura da ɗayan, saƙon zai dawo, wani lokaci ma ya ɓace shiru. Ka kuma goge tambarin kamfani da dogon gargaɗin sirri da manhajar imel ke liƙawa a ƙasan saƙo kai tsaye, in ba haka ba za su fita a matsayin ƙarin shafi ko biyu, kuma kai za ka biya.

Shirya takarda, inda aikin yake

Faɗin shafin faks ɗigo 1,728 ne, wato kusan 204 a kowane inci. Ta tsawo kuma layi 98 a inci in an tura a matakin yau da kullum, 196 in an zaɓi mai kyau, wanda suke rubutawa "Fine". Ka lissafa: shafin A4 a matakin farko bai kai ɗigo miliyan 2 ba, a na biyu kusan miliyan 4. Kowane ɗigo kuma ko baƙi ko fari, babu toka-toka, babu launi. Hoton da wayarka mai megafiksel 12 ta ɗauka, da launukansa miliyoyi, ta wannan ƙaramar ƙofa zai bi.

Don haka kada ka ɗauki takarda hoto da kyamara haka kawai ka tura. Inuwar hannunka da hasken ƙwai da ya sauka a gefe guda, a idonka ba komai ba ne, amma kwamfutar kamfanin dole ta yanke hukunci a kan kowane ɗigo, sai ta mai da inuwar baƙin tabo, ko ta cika shafin da yayyafin ɗige-ɗige don kwaikwayon toka. Yi amfani da manhajar sikanin, kamar Adobe Scan, ko wadda ke cikin Google Drive, ko Notes a iPhone. Shimfiɗa takardar a kan tebur mai duhu kusa da taga, da rana, ka kashe filasha, ka riƙe wayar daidai saman takardar. Bayan ta yanke gefuna ka zaɓi baƙi da fari, ka faɗaɗa hoton ka karanta ƙananan rubutun. Abin da bai karantu a nan ba, a can ma ba zai karantu ba. In sikana ta tebur gare ka, sa ta a ɗigo 200 a inci, ko 300 in rubutun ƙanana ne. Wuce haka nauyi kawai yake ƙara wa fayil, Gmail kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25.

Yayyafin nan ba muni kaɗai yake jawowa ba. Faks yana gudu ne saboda yana taƙaita shafi: maimakon ya tura fararen ɗigo dubu ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce fari dubu, shi ke nan. Shafin rubutu zalla, wanda mafi yawansa fari ne, yakan wuce cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Shafin da ya cika da ɗige-ɗige ba ya taƙaituwa. Ɗigo miliyan 4 a saurin 14,400 ya fi minti 4 da rabi, a 9,600 kuma ya kusa minti 7. Kiran da ya yi tsawo shi ya fi yankewa a tsakiya, shi ya fi tsada.

Sa hannu da baƙin biro mai kauri. Shuɗi mai haske da jan biro da fensir sukan dusashe ko su ɓace. Hatimin ofis mai tawada ruwan hoda ko shunayya, in ya sauka a kan rubutu, ko dai ya ɓace ko ya haɗiye rubutun da ke ƙarƙashinsa, don haka a buga shi a farin wuri. Alƙalamin haskaka rubutu shi ne mafi sharri: layin da ka shafa wa kore ko ruwan lemo don a lura da shi, shi zai iya fitowa baƙi ƙirin. In kana so a lura da wuri, ja masa layi a ƙasa ko ka yi kibiya a gefe. Hatimin da ake matsawa a jikin takarda ba tawada, irin na lauyoyi da jami'o'i, ba ya fita sam. Girman rubutu kada ya gaza 12, kuma harufa marasa ƙawa irin Arial sun fi jure hanya, domin siraran jelolin wasu harufa ba su kai kaurin layi ɗaya na faks ba. A teburin lissafi ka cire launin da ke bayan gidajen. Lamba 6 da 8, ko 3 da 8, a ƙaramin rubutu a kan toka, suna iya rikiɗa, kuma a lambar asusu ko ma'aunin magani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fasfo da katin shaida sai an yi musu dabara. Ka faɗaɗa su su cika rabin shafi, ka ƙara haske kafin ka mayar baƙi da fari, don zanen tsaro da ke bayan rubutun kada ya rufe shi. Fuskar da ke jiki dai ba za ta fito da kyau ba ko me ka yi, musamman ta mai duhun fata, wadda takan koma baƙin dunƙule. In fuskar suke son gani, ka kira su ka nemi wata hanyar.

Ka tura PDF, ka bar Word. Kamfanoni da yawa suna karɓar fayil ɗin Word, amma kwamfutarsu ce za ta buɗe shi da irin harufan da take da su. In ba ta da naka sai ta musanya, layuka su goce, shafi uku ya zama huɗu, wurin sa hannu ya faɗa shafi na daban. Harufanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da rubutun Larabci, su ne farkon komawa ƙananan akwatuna. PDF yana tafiya da harufansa a ciki. Shi ma yana da tarko biyu. In yana da kalmar sirri, kwamfutar ba za ta iya buɗe shi ba. In kuma fom ne da ake cikewa a kwamfuta, akwai yiwuwar ya isa can gidajensa duk fanko, saboda abin da ka rubuta yana zaune ne a wani rufi daban a saman shafin. Maganinsa ka buɗe fom ɗin da ka cike, ka zaɓi bugawa, a wurin firinta ka zaɓi ajiyewa a PDF. Sabon fayil ɗin ya zama shimfiɗa ɗaya, shi za ka tura.

Sai girman takarda. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297. Amurka da Kanada tasu 216 da 279 ce, wato tamu ta fi tsawo da milimita 18. Yawancin injina kan rage shafin ya shiga, amma wasu sukan zubo ragowar a takarda ta biyu, kuma ƙasan shafi nan ne sa hannu da kwanan wata suke. In Amurka za ka tura, saita shafin a girman takardarsu tun farko, ko ka bar fili kamar santimita biyu da rabi a ƙasa. A sama ma ka bar fili, don nan ake buga layin da ke nuna kwanan wata, lokaci, sunan mai aikawa da lambarsa. Dokar Amurka ta 1991 kan kiran waya ta wajabta wannan layin, don haka ka cika sunanka daidai a saitin asusunka.

A shafin gaba ka rubuta sunan wanda ake nufi da sashensa, lambar fayil ko ta majinyaci in akwai, jimlar shafuka har da na gaban, da lambar da za a same ka. A kowane shafi kuma ka sa suna da lamba, kamar 2 cikin 7. A babban ofis takardun mutane da yawa ne ke zubowa a tire ɗaya, shafin da ba suna in ya rabu da 'yan'uwansa ya tafi ke nan.

Karanta rahoto

Ganin saƙo a cikin waɗanda aka tura a imel ɗinka ba ya nufin faks ya tafi. Jira saƙo na biyu daga kamfanin, yawanci cikin 'yan mintoci. Shi zai nuna lambar da aka kira, lokaci, yawan shafuka da sakamako. Kwatanta yawan shafukan da abin da ka tura. In bakwai ka tura rahoto ya ce biyar, an yanke a hanya, sai ka sake tura duka, ka rubuta a shafin gaba cewa wannan ya maye gurbin na farko.

In ya ce "busy", layin yana kan wani kiran, kamfanin kan sake gwadawa sau da dama da kansa. Kada ka yi ta turawa a kai a kai, don in layin ya buɗe kwafi huɗu za su zubo musu. "No answer" na nufin injin a kashe yake, ko ba a saita shi ya ɗauka da kansa ba, wasu injinan ma ba sa ɗauka in takarda ta ƙare kuma ma'ajiyarsu ta cika. In ya ce an ji murya ko ba a ji sautin faks ba, to lambar tarho ka kira, ko kuma layi ɗaya suke raba wa tarho da faks wani ya ɗaga. Wanda ya fi wahala shi ne kuskuren sadarwa a tsakiyar kira. Sau da yawa dalilinsa shi ne layin wancan ofishin ma ya koma intanet. Muryar mutum tana jure ɓacewar ɗan guntun sauti, faks ba ya jurewa. Saboda haka ne aka fito da ƙa'idar T.38 a 1998, amma ba kowane layi ke bin ta ba. Abin da ke hannunka shi ne ka sauƙaƙa kayan: ka tsabtace shafukan, ka raba takarda mai shafi 30 gida uku, ka sauko daga mataki mai kyau zuwa na yau da kullum in rubutun manya ne, ko ka jira lokacin da layinsu ba cunkoso. Agogon gabashin Amurka yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 6 a lokacin sanyinsu, awa 5 a lokacin zafi, Japan kuma tana gabanmu da awa 8.

Rahoton nasara shaida ce cewa wani inji ya karɓa. Ba ya nuna takardar ta karantu, ko ta kai teburin wanda ake nufi. In abu ne mai wa'adi, ka kira ka tambaya ko sun gani, shafi nawa suka ƙirga. Ka ajiye rahoton tare da ainihin PDF ɗin a wuri ɗaya.

Karɓa, da zaɓen lamba

In aikawa kawai za ka yi sau ɗaya, ba sai ka ɗauki kuɗin wata ba. FaxZero yana barin a tura kyauta zuwa Amurka da Kanada, shafi 3 da na gaba, har sau 5 a rana, da tambarinsu a shafin gaban. Ya isa ga takardar da ba ta da sirri. Amma in amsa za ta dawo ta faks, dole ka mallaki lamba, kuma lamba sai da biya.

Ka ɗauki lambar ƙasar da masu turo maka suke. Ma'aikaci a asibitin Amurka zai tura wa lambar Amurka ba tare da tunani ba, amma injinsu ma ana iya toshe shi daga kiran ƙasar waje. Lambar Amurka ko Kanada ana samu nan take. Jamus kuwa dokarta ta ce lambar gari sai mai adireshi a garin, don haka za a nemi shaidar zama. Kana samun lambar ka gwada ta, ka tura mata shafi ɗaya daga wani kamfanin daban, don kiran ya bi layin waya na gaske. Gwajin zai nuna maka abu biyu: yadda takardarka ke fitowa a ɗaya gefen, da kuma ko saƙon yana faɗawa akwatin tarkace. In can ya faɗa, sa adireshin kamfanin cikin amintattu tun yanzu, ka kuma saita fayil ɗin ya riƙa zuwa a PDF, don ba kowace waya ke buɗe TIFF mai shafuka da yawa ba, wasu shafin farko kawai suke nunawa.

Misali mai amfani ga masu kasuwancin intanet shi ne lambar haraji ta EIN. Wanda ya yi rajistar kamfani a Amurka alhali yana zaune a Najeriya ko Nijar ko Gana, ba shi da lambar SSN ko ITIN, wato lambobin shaida da Amurka ke ba mutum don haraji, ba zai iya nema ta shafin IRS ba. Hanya ɗaya ita ce ya cike fom SS-4, a layi na 7b ya rubuta "foreign", ya sa hannu, ya tura ta faks zuwa lambar da ke cikin takardar bayanin fom ɗin. A ƙasa kusa da sa hannu akwai gidan lambar faks ta mai nema. Hukumar ta ce in an cike gidan tana mayar da amsa cikin kwanakin aiki 4, ta gidan waya kuwa kusan mako 4. A aikace masu nema daga waje sukan jira fiye da haka, don haka kada ka rufe asusunka sai amsar ta shigo, kuma kada ka sake tura fom ɗin don ka ji shiru, yana iya jawo a ba kamfani ɗaya lamba biyu.

Lissafin kuɗi

Kafin ka biya, nemo yadda suke fassara kalmar shafi. Wasu kamfanoni suna ƙirga shafi ɗaya ne ko daƙiƙa 60 na kira, duk wanda ya fi yawa. A irin wannan tsari takarda mai shafi 10 da kowanne ya ci minti biyu da rabi za ta iya zama shafi 25 ko 30 a lissafi. Tura wa wasu ƙasashe kuma shafi ɗaya yana cin da yawa daga kason watanka, ko a caje shi daban. Duba ko kason na aikawa da karɓa a haɗe yake, domin faks ɗin talla da ba ka nema ba shi ma daga kasonka ake cirewa. Gwajin kyauta kan nemi kati, ya kuma koma biya da kansa ranar da ya ƙare. Katin naira ba kullum yake wucewa a irin wannan biya na wata-wata ba, kuma in biya ya ƙi shiga aka rufe asusun, lambar tana komawa hannun kamfanin, daga baya a ba wani. Takardun da aka ci gaba da turo maka a kanta, shi zai karɓa. Wanda zai buga lambar a kan takardun ofishinsa ya tambaya tun farko ko ana barin a tafi da ita wani kamfanin, don ba duka ke yarda ba.

Sirri

Masu son faks kan ce ya fi imel tsaro. A zamanin layin tagulla daga inji zuwa inji, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yanzu da yawancin kira ke bin intanet, kuma ƙarshensa akwatin imel ne, ta yi rauni, har hukumar kare bayanai ta jihar Bremen a Jamus ta bayyana a 2021 cewa faks bai dace da tura bayanan mutane masu sirri ba. Injin ma ba tsira ya yi ba: a 2018 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta Check Point sun nuna yadda za a ƙwace firintar HP mai haɗe da faks ta hanyar turo mata shafi ɗaya da aka shirya musamman.

A ganina faks na intanet ya fi inji ta fuska guda, takarda ba ta kwana a tire kowa ya gani, kuma ba ta dusashewa kamar takardar naɗi ta tsofaffin injina. Amma tsaronsa bai wuce tsaron imel ɗinka ba. Sa tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗin da asusun faks ɗin duka. In takardun asibiti ne ko na shari'a, saita kamfanin ya turo sanarwa kawai, ka shiga shafinsu ka sauke fayil ɗin, sannan ka duba tsawon lokacin da suke ajiye kwafi ka goge abin da ka gama da shi. Ofishin da ke riƙe bayanan mutane a Najeriya ya tuna dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi fitar da su ƙasar waje, kuma kwamfutocin waɗannan kamfanoni a waje suke.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka daɗe da gane cewa saƙon "ka samu sabon faks" yana sa mutum dannawa ba tunani. Suna kwaikwayon tambarin kamfanonin nan sarai. Faks na gaske yana zuwa daga adireshin kamfanin da ka yi rajista da shi, yana ambaton lambarka da yawan shafuka, fayil ɗinsa PDF ne ko TIFF. Wanda ya zo da fayil mai ƙarewa da zip ko html, ko ya kai ka wani shafi yana neman kalmar sirrin imel ɗinka kafin ka ga takardar, goge shi. In kana shakka, kada ka taɓa komai a cikin saƙon, buɗe manhajar kamfanin da kanka ka duba akwatin shigowa. In faks ɗin gaskiya ne yana can.